Guanajuato: Gidajen tarihin birnin azurfa na ƙasar Meksiko

A saman kusurwoyi huɗu na wani katafaren ginin dutse da ke birnin Guanajuato, a tsakiyar ƙasar Meksiko, akwai sunayen mutum huɗu: Hidalgo, Allende, Aldama da Jiménez. A waɗannan kusurwoyi ne hukumomin mulkin mallaka na Sifaniya suka rataye kawunan mutanen a cikin kejin ƙarfe a shekarar 1811, suka bar su a nan rana da ruwan sama suna dukansu har kusan shekara 10, domin su zama ishara ga duk mai tunanin yin tawaye. Ginin a yau gidan tarihi ne, kuma mutanen da aka wulaƙanta a jikinsa su ne ƙasar take ɗauka a matsayin iyayen 'yancin kanta.

Idan mutum ya hau tudu zuwa yammacin birnin, zai iske wani gidan tarihin da ya fi wancan jan 'yan kallo, inda aka jera busassun gawarwakin mutane fiye da 100 a cikin akwatunan gilashi. Su kuma ba tawaye suka yi ba. An tono su daga kaburburansu ne saboda danginsu ba su biya kuɗin kabari ba. Tsakanin waɗannan gidaje biyu akwai wasu ƙanana da dama, na masu zane da na attajiran da suka shuɗe da na mahaƙan ma'adinai, kuma kusan dukkansu suna komawa ga abu guda, wato azurfar da aka haƙo daga duwatsun da ke kewaye da garin, da tambayar wa ya ci moriyarta, wa kuma ya biya da ransa.

Birnin da azurfa ta gina

Guanajuato, wanda ake furtawa kamar Gwanahwato, shi ne babban birnin jihar da ke da wannan suna. Yana arewa maso yammacin birnin Meksiko, tafiyar kimanin kilomita 360 a mota, a tudu mai tsayin kusan mita 2,000 daga matakin teku. Sunan ya fito ne daga harshen Purépecha, ɗaya daga cikin al'ummomin asali na yankin, kuma ana fassara shi da tudun kwaɗi.

Sifaniyawa sun ci babban birnin daular Aztek a 1521, suka raɗa wa ƙasar suna Sabuwar Sifaniya. Kafin shekara 40 ta cika, masu neman arziki sun gano jijiyoyin azurfa a waɗannan duwatsu, sansanonin masu haƙa kuma suka rikiɗe suka zama gari. Sarki Felipe na Biyar ya ba shi matsayin birni a 1741. A ƙarni na 18 babu wani wuri a duniya da ya kai shi fitar da azurfa, kuma wannan ne ma dalilin da hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin tare da mahaƙansa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Ba a shimfiɗa garin da tituna miƙaƙƙu kamar yawancin biranen da Sifaniyawa suka kafa ba, domin wurin bai ba da wannan dama ba. A cikin wani matsattsen kwari yake, gidaje sun hau jikin duwatsu suna kan juna, lunguna kuma wasu da ƙyar mutum biyu za su gitta. Kogin da ya ratsa kwarin ya sha yin ambaliya. Bayan ta 1780 sai da aka ɗaga matakin ƙasa a tsakiyar gari, aka binne wani ɓangare na tsohon gidan ibadar San Diego, wanda daga baya aka tono aka mayar da shi ƙaramin gidan tarihi da ake sauka cikinsa ta matakala. Wata babbar ambaliyar ta sake aukuwa a 1905. Da aka karkatar da ruwan, sai tsohuwar hanyar kogin ta zama titin mota a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa baƙo yakan shigo birnin ta cikin rami, ya ɓullo a tsakiyar kasuwa.

Rumbun da ya zama fagen fama

Sunan ginin da aka ambata da farko shi ne Alhóndiga de Granaditas. Kalmar alhóndiga, wadda ake furtawa alondiga, ta shiga Sifaniyanci ne daga Larabci, daga al-funduƙ, wato masaukin fatake da ma'ajiyar hajarsu, tun zamanin da Musulmi ke mulkin Andalus. A Sabuwar Sifaniya kalmar tana nufin rumbun hatsi na hukuma, inda ake tara masara da alkama domin a hana farashi tashi fiye da kima.

Buƙatar irin wannan rumbu ba ta ɓoyu ga kowa ba. A 1785 da 1786 fari da sanyi sun lalata amfanin gona a tsakiyar ƙasar, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu, har lokacin ya samu laƙabin shekarar yunwa. Garin da dubban leburori da alfadarai ke dogaro da masarar da ake kawowa daga nesa ba zai jure irin wannan sau biyu ba. Gwamnan lardin, Juan Antonio de Riaño, shi ya tsaya aka fara ginin a 1798, aka kammala a 1809. Gini ne mai kusurwa huɗu, da bango mai kauri da ƙananan tagogi, a tsakiyarsa kuma akwai fili kewaye da ginshiƙai. Daga waje ya fi kama da ganuwa fiye da rumbu, kuma bai cika shekara guda yana aikin da aka gina shi dominsa ba.

A ranar 16 ga Satumba, 1810, limamin cocin garin Dolores, wanda ke da nisan kimanin kilomita 50 daga Guanajuato, ya tara jama'arsa ya kira su da su tashi tsaye kan mulkin Sifaniyawa. Sunansa Miguel Hidalgo. Tare da shi akwai hafsoshin soja irin su Ignacio Allende da Juan Aldama, 'ya'yan Sifaniyawa ne amma haifaffun ƙasar, rukunin da ya daɗe yana jin haushin yadda ake ba waɗanda aka haifa a Turai manyan muƙamai. Waɗanda suka amsa kiran kuwa yawancinsu manoma ne 'yan asalin ƙasa da masu gaurayen jini, ɗauke da adduna da majajjawa da sanduna. Cikin kwana 12 taron ya kai mutum 20,000 ko fiye, ya nufo Guanajuato.

Riaño ya yanke shawarar da masana tarihi suka daɗe suna suka. Maimakon ya kare garin baki ɗaya, sai ya kwashe dukiyar baitulmali da sandunan azurfa da sojojin da yake da su da iyalan Sifaniyawa, ya shige da su cikin rumbun, ya bar sauran jama'a a waje. Talakawan gari da mahaƙa suka fahimci cewa an yasar da su, da yawansu kuma suka koma ɓangaren masu tawaye. Hidalgo, wanda sun san juna da gwamnan tun da, ya aika masa da takardar neman ya miƙa wuya, ya ƙi.

An gwabza a ranar 28 ga Satumba. Harsashi ya sami Riaño tun farkon faɗan ya mutu, na ciki suka rasa mai ba da umarni. Daga kan tudun da ke kallon ginin ana ta yi musu ruwan duwatsu, su kuma suna jefo tulunan ƙarfe da a da ake zuba zaiba a ciki, waɗanda suka ɗura wa albarushi. Daga ƙarshe aka ƙone ƙofar, taron ya kutsa, aka kashe ɗaruruwan mutanen da ke ciki, har da waɗanda suka ajiye makamai, sannan aka shiga wawashe kantuna da gidajen gari.

Yadda aka ƙone ƙofar shi ne ya haifar da labarin da kowane ɗan makaranta a Meksiko ya sani. Ana cewa wani mahaƙi da ake wa laƙabi da El Pípila ya ɗaura faffaɗan dutse a bayansa don kare kansa daga harsasai, ya rarrafa har bakin ƙofar ya cinna mata wuta. Wani ƙaton mutum-mutuminsa da aka kafa a 1939 yana tsaye a kan tudu yana kallon birnin, hannunsa a ɗage da wuta. Sai dai marubucin tarihi Lucas Alamán, ɗan garin, wanda yana saurayi lokacin da abin ya faru kuma ya ga wawason da idonsa, bai yarda da labarin ba, kuma har yau masana ba su daina jayayya a kansa ba. Alamán kansa ɗan masu hannu da shuni ne, kuma abin da ya gani a wannan rana ya sa ya rayu yana ƙyamar tawayen Hidalgo, saboda haka shi ma ana karanta shi da taka-tsantsan.

Nasarar ba ta daɗe ba. A watan Nuwamba na wannan shekara dakarun sarki ƙarƙashin Félix María Calleja suka ƙwace birnin. Kafin su shigo, wasu gungun mutane sun faɗa rumbun sun kashe Sifaniyawan da ake tsare da su a ciki, Calleja kuma ya rama da kisan jama'a a bainar gari. An kama shugabannin tawayen a watan Maris na 1811 suna kan hanyarsu ta zuwa arewa. An harbe Allende da Aldama da Mariano Jiménez a Chihuahua ranar 26 ga Yuni, Hidalgo kuma ranar 30 ga Yuli, bayan an tuɓe masa rigar limanci. Daga can aka ɗauko kawunansu aka kawo Guanajuato. Ba a sauke su ba sai a 1821, shekarar da ƙasar ta samu 'yanci. Ragowar gawarwakin nasu yanzu suna ƙarƙashin hasumiyar 'yanci da ke birnin Meksiko, inda aka mayar da su a 1925.

Abin da ke cikin Alhóndiga a yau

Bayan yaƙi ginin ya yi ayyuka iri-iri, mafi daɗewa a cikinsu shi ne gidan kaso, daga 1864, zamanin Sarki Maximiliano da Faransawa suka ɗora, har zuwa 1949. An buɗe shi a matsayin gidan tarihin yanki a 1958, kuma yana ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da ilimin ɗan Adam da tarihi, wadda aka fi sani da INAH, da aka kafa a 1939.

Abin da mai ziyara zai fara cin karo da shi shi ne manyan zane-zanen bango da José Chávez Morado ya yi a matakalun ginin guda biyu. Wanda ya yi a 1955 yana magana ne kan soke bauta, kuma yana da tushe a tarihi: a ranar 6 ga Disamba, 1810, Hidalgo ya fitar da doka a birnin Guadalajara yana umartar iyayen giji su 'yanta bayinsu. Batun ba baƙo ba ne a nan. Sifaniyawa sun kawo bayi daga Afirka zuwa Sabuwar Sifaniya tun ƙarni na 16, kuma jikokinsu masu gaurayen jini suna da yawa a cikin ma'aikatan mahaƙan Guanajuato a ƙarshen zamanin mulkin mallaka. An daɗe ba a cika ambaton wannan ɓangare na tarihin ƙasar ba. Sai a ƙidayar 2020 ne aka tambayi kowa da kowa a kan haka, inda kimanin mutum miliyan 2.5 suka bayyana kansu a matsayin masu tsatson Afirka.

Ɗakunan sun fara ne daga zamanin da Turawa ba su zo ba. Akwai tukwane da ƙananan siffofin yumɓu na al'ummar Chupícuaro, waɗanda suka rayu a kudancin jihar ta yau fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma ruwan wata madatsa ya shanye mazauninsu a tsakiyar ƙarni na 20. Akwai tarin hatiman yumɓu da ake buga ado da su a jiki ko a tufa. Daga nan sai ɗakunan mulkin mallaka da na yaƙin 'yanci, da wani zaure na girmama jarumai inda wuta take ci, ana kuma sabunta ta da biki a ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara.

Amma ɗakunan da suka fi cancantar a ɓata lokaci a cikinsu su ne na mutum biyu da ba su yi yaƙi ba. Na farko Hermenegildo Bustos, wanda ya rayu daga 1832 zuwa 1907 a ƙaramin garin Purísima del Rincón, bai taɓa shiga makarantar zane ba, sana'arsa ma har da sayar da ƙanƙara mai zaƙi, amma ya zana fuskokin maƙwabtansa da irin gaskiyar da ba ta ƙawata kowa. Na biyu mai ɗaukar hoto Romualdo García, wanda ya rasu a 1930, kuma dubban hotunansa suna ajiye a gidan. Duk wanda ya iya biyan ɗan kuɗi ya zauna gaban kyamararsa: lebura da faffaɗar malafa, 'yar aiki da aron takalmi, soja, ma'aurata, har da iyaye riƙe da gawar jaririnsu da aka yi wa ado kafin a kai shi makwanci, kamar yadda al'adar lokacin take. A cikin gidan da aka cika da sunayen janarori, a nan ne kawai mutum yake ganin fuskar talakan Guanajuato sosai.

Rami da gidan attajiri

Wanda yake son ya ga inda dukiyar ta fito sai ya hau arewacin birnin zuwa Valenciana. Antonio de Obregón y Alcocer ya fara haƙa a wurin a shekarun 1760, ya sha wahala da bashi kafin ya faɗa kan jijiyar da ta mayar da shi ɗaya daga cikin manyan attajiran Sabuwar Sifaniya, har sarki ya ba shi sarauta. Cocin San Cayetano da aka kammala a 1788 kusa da bakin ramin, mai bagadai lulluɓe da ruwan zinariya, da kuɗin wannan mahaƙa aka gina shi. A yau ana saukar da baƙi wasu 'yan mitoci cikin tsofaffin ramuka, a nuna musu kayan aiki da siffofin mahaƙa. Abin da suke gani ɗan taƙi ne, domin akwai rami a yankin da zurfinsa ya kai mita 600, wanda ake kira Bakin Jahannama.

Masanin nan Bajamushe Alexander von Humboldt ya ziyarci Guanajuato a 1803, lokacin da Valenciana kaɗai take da ma'aikata fiye da 3,000. Ya bayyana yadda masu dako suke ɗauko duwatsun ma'adini a bayansu, nauyin da ya haura kilo 100, suna hawa dogayen matakalu cikin zafi na tsawon sa'o'i. Bayan an fito da dutsen, sai a kai shi manyan gidajen tacewa da ke bakin kogi, a niƙa, a shimfiɗa a fili, a gauraya da gishiri da zaiba, a sa alfadarai ko mutane su yi ta tattakawa makonni har azurfar ta kama zaibar. Bartolomé de Medina ne ya ƙirƙiro wannan dabara a garin Pachuca a shekarun 1550. Zaiba guba ce, kuma ba sai an faɗi abin da take yi wa wanda yake wuni a cikinta ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, San Gabriel de Barrera, wanda aka kafa a ƙarshen ƙarni na 17, yanzu gidan tarihi ne. An ƙawata ɗakunansa da kujeru da gadaje da madubai irin na Turai, filayen da ake tattaka zaiba kuma an mayar da su lambuna masu furanni da maɓuɓɓugan ruwa. Wuri ne mai daɗin zama, sai dai mutum zai iya zagaye shi ya fita bai fahimci irin aikin da aka yi a ƙarƙashin furannin ba. Wannan gibi ne da ke bin yawancin gidajen tarihin garin: kayan mai gida sun tsira saboda masu tsada ne, na lebura kuwa sun ruɓe tare da shi.

Gidajen masu zane da na Don Quijote

A titin Positos akwai gidan da aka haifi Diego Rivera ranar 8 ga Disamba, 1886, mai zanen bangon da ya fi kowa suna a ƙasar, mijin Frida Kahlo. Iyalinsa sun koma birnin Meksiko yana ɗan shekara 6, kuma garin, wanda ya yi suna wajen riƙo da Katolika, bai yi gaggawar rungumar ɗansa ɗan gurguzu ba. An buɗe gidan ga jama'a a 1975. Ƙasa an shirya shi kamar gidan masu matsakaicin hali na ƙarshen ƙarni na 19, sama kuma ayyukansa ne tun na ƙuruciya. A kan wannan titi kuma akwai Museo del Pueblo, tsohon gidan masu mahaƙar Rayas, wanda aka buɗe a 1979 da tarin kayan da Chávez Morado da matarsa Olga Costa suka bayar.

Gidan da zai fi ba baƙo mamaki shi ne wanda aka keɓe kacokan ga Don Quijote, jarumin littafin Miguel de Cervantes, marubucin da bai taɓa taka ƙasar Meksiko ba. Asalinsa wani ɗan gudun hijira ne, Eulalio Ferrer, wanda ya tsere daga Sifaniya a ƙarshen yaƙin basasa a 1939, ya tsinci kansa a sansanin Argelès-sur-Mer da ke Faransa. A can ya ba da sigari aka ba shi kwafin littafin. Da ya isa Meksiko ya yi arziki a harkar talla, ya shafe rayuwarsa yana tara zane-zane da sassaƙe-sassaƙen jarumin, ya kuma bayar da su kyauta aka buɗe gidan a 1987. Ya zaɓi Guanajuato ne saboda tun 1953 ɗaliban jami'ar garin suke gabatar da gajerun wasannin Cervantes a dandalin San Roque, al'adar da ta haifi bikin Cervantino na ƙasa da ƙasa a 1972, wanda ake yi duk watan Oktoba.

Gawarwakin Santa Paula

An buɗe maƙabartar Santa Paula a 1861, a lokacin da gwamnatin masu sassaucin ra'ayi ta karɓe kula da maƙabartu daga hannun coci. Yawancin mamata ba a ƙasa ake sa su ba. Ana tura akwatin gawa ne cikin ramukan da aka jera hawa-hawa a jikin bango, a toshe baki. Dokar gari ta tanadi cewa bayan wasu shekaru sai dangi su biya haraji idan suna son mamacinsu ya ci gaba da zama a wurin. Idan ba a biya ba, sai a fitar da shi a ba wani gurbin.

Da ma'aikatan maƙabartar suka fara buɗe ramukan a rabi na biyu na ƙarni na 19, sai suka tarar wasu gawarwakin ba su ruɓe ba. Babu wanda ya yi musu wani magani kamar yadda Misirawan dā suke yi. Busasshiyar iskar tudu da zafin ramin da aka toshe su suka tsotse ruwan jiki da sauri kafin ruɓa ta yi nisa, fata ta ƙandare a kan ƙashi, wani lokaci har da gashi da tufafi. Gawar farko da aka ajiye ana danganta ta da wani likita Bafaranshe mai suna Remigio Leroy, wanda ba shi da dangi a garin da za su biya masa. Aka riƙa tara irinsu a wani ɗaki a ƙarƙashin maƙabartar, masu gadi kuma suka fara karɓar 'yan kuɗi suna nuna wa masu son gani. An daina wannan tono a 1958, amma a lokacin gawarwakin sun riga sun zama abin kallo.

Fim ne ya kai sunansu ko'ina. A farkon shekarun 1970 aka fitar da wani fim inda shahararrun 'yan kokawa masu rufe fuska, Santo da Blue Demon da Mil Máscaras, suke fafatawa da gawarwakin Guanajuato da suka farka. Daga baya daraktan Jamus Werner Herzog ya buɗe fim ɗinsa na Nosferatu na 1979 da hotunansu. A 2009 an ɗauki wasu daga ciki zuwa Amurka aka baje su a birnin Detroit.

Labaran da ake ba 'yan kallo suna buƙatar tacewa. Ana yawan cewa mutanen sun mutu ne a annobar kwalara ta 1833, alhali maƙabartar ba a buɗe ta ba sai bayan shekara 28. Ana nuna bakunan da suka wage a ce alamar an binne su da rai ce, alhali muƙamuƙi yakan saki bayan mutuwa idan ba a ɗaure shi ba. An laƙaba wa wasu sunaye irin su mayya ko wanda aka nutsar, ba tare da wata takarda da ta tabbatar ba. Akwai mata da yara da jarirai a cikinsu.

Mai karatu da ya tashi a inda ake gaggauta suturta mamaci a rufa masa asiri zai ji abin ya yi masa nauyi, kuma a Meksiko ma ba kowa ne ya yarda da shi ba. Masu kare gidan sukan kafa hujja da dangantakar mutanen ƙasar da mutuwa, wadda take bayyana a bikin ranar matattu na 1 da 2 ga Nuwamba, lokacin da iyalai suke kwana a maƙabartu suna kai wa nasu furanni da abinci. Masu suka kuwa suna cewa a wancan biki dangi ne suke karrama mamacinsu da sunansa, a nan kuma baƙi ne suke biyan kuɗi su ɗauki hoto da wanda talauci ya fitar daga kabarinsa.

Akwai kuma batun kuɗi da iko. Gidan gawarwakin ba na INAH ba ne, majalisar birni ce take tafiyar da shi, kuma kuɗin shiga yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta. Ita kuwa INAH tana kafa hujja da dokar tarayya ta 1972 kan kayan tarihi, tana cewa gawarwakin ƙarni na 19 gadon ƙasa ne da bai kamata a motsa su ba sai da izininta. Wani shiri na gina sabon gida mai haɗe da shaguna ya gamu da adawa mai ƙarfi daga mazauna garin har aka jingine shi. A 2023, da aka kai wasu gawarwaki wani baje kolin yawon buɗe ido a birnin Meksiko, hukumar ta yi gargaɗin cewa akwai alamun fumfuna a jikin ɗaya, abin da zai iya cutar da masu kallo. A watan Mayu na 2024 ta zargi hukumomin birnin da sakaci bayan hannun wata gawa ya cire a lokacin da ake gyaran gidan.

A 'yan shekarun nan ƙwararrun INAH sun shiga wani aiki na daban. Suna bin takardun shaidar mutuwa da littattafan maƙabarta da na coci da tsofaffin jaridu, suna gwada su da abin da jikin kowace gawa da tufafinta suka nuna, domin gano ainihin sunayen mutanen, da shekarun da suka rasu, da kuma ko suna da jikoki da ke raye a garin.